Wuƙa da Nama a Hannu Ɗaya: Lamarin Henry Ford da Motarsa Model T

A shekarar 1912 Henry Ford, mai kamfanin motoci na Ford, ya dawo birnin Detroit na Amurka daga wata tafiya da ya yi zuwa Turai da iyalinsa. Da ba ya nan, manyan injiniyoyinsa sun haɗa kai sun ƙera wata motar gwaji a masana'antar Highland Park, da niyyar su faranta masa rai in ya dawo. Model T ce dai, sai dai an ƙara mata tsawo, an sassauto da ita ƙasa, an shafe ta da fenti mai sheƙi. Wani ma'aikacin kamfanin da abin ya faru a kan idonsa ya ba da labarin bayan shekaru masu yawa. Ya ce Ford ya zuba hannuwa a aljihu, ya zagaya motar sau uku ko huɗu bai ce uffan ba. Can sai ya cafki ƙofa ya fizge ta, ya zagaya ɗaya gefen ya fizge ɗayar, ya farfasa gilashin gaba, ya haye ya yi ta dukan rufin da diddigen takalmi har ya yage.

Babu wanda ya ce motar tana da wani aibi. Laifinta kawai shi ne ba shi ya ce a yi ta ba. Kuma mutumin da ya yi wannan aika-aika ba ya cikin wata asara a lokacin, kasuwarsa na ci kamar wutar daji, shekaru huɗu ke nan Model T tana fita ana wawaso. Wannan shi ya sa na ɗauki lamarinsa don nazari. Mun saba ganin wanda ya sha kaye ya zama mai tsoro da taka-tsantsan. Abin da ba mu cika lura da shi ba shi ne yadda nasara ke sa mutum ya ƙi yarda kowa ya zaɓa masa komai, har ta kai shi ga ƙwace zaɓin da ke hannun wasu.

Sai mun koma baya kaɗan kafin a gane shi. An haifi Ford a 1863 a wata gona kusa da Dearborn, a jihar Michigan. Ya tsani noma, ya fi son kwance agogo da injuna. Ya yi aiki a kamfanin wutar lantarki na Edison a Detroit har ya zama babban injiniya, kuma a 1896 ya haɗa motarsa ta farko a wata rumfa bayan gidansa. A 1899 wasu attajirai suka zuba masa kuɗi aka kafa Detroit Automobile Company, bai kai shekara biyu ba ya rushe. A ƙarshen 1901 aka sake kafa masa wani, wannan karon da sunansa, Henry Ford Company. Cikin 'yan watanni ya saɓa da masu kuɗin, ya kama gabansa a 1902. Su kuma suka ɗauko wani dattijon injiniya, Henry Leland, suka sauya wa kamfanin suna zuwa Cadillac. Wato sau biyu yana shiga inuwar masu kuɗi, sau biyu yana fitowa hannu rabbana. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

Karo na uku shi ne Ford Motor Company, wanda aka kafa a watan Yunin 1903 da tsabar kuɗi dala 28,000. Wanda ya tattaro masu jarin wani dillalin gawayin kwal ne, Alexander Malcomson. Ba a daɗe ba rigimar da aka saba ta taso. Malcomson na son a mayar da hankali kan manyan motoci masu tsada na masu hannu da shuni, domin a ganin kusan kowa a wancan zamani can riba take. Ford ya kafe a kan ƙaramar mota mai arha wadda manomi da leburan masana'anta za su iya saya. A 1906 Malcomson ya sayar da hannun jarinsa ya fita, Ford ya zama shugaban kamfani kuma mai rinjayen jari. A watan Oktoban 1908 Model T ta fito a kan dala 850, mota mai tsayi daga ƙasa da ke ratsa taɓo da kwazazzabai na hanyoyin ƙauye, wadda manomi zai iya gyarawa da kansa da sifana da filaya.

Daga nan sai nasara ta riƙa bin nasara. Ƙungiyar masu ƙera motoci ta maka shi kotu a kan wata takardar mallakar fasaha ta George Selden, wadda yawancin kamfanoni suka miƙa wuya suna biyan kuɗi a kanta. Ford ya ƙi biya, ya faɗi a shari'ar farko a 1909, ya ɗaukaka ƙara, ya yi nasara a 1911. A 1913 aka fara layin harhaɗa mota mai tafiya, inda aiki ke zuwa ya sami ma'aikaci a tsaye a gurbinsa, lokacin haɗa gindin mota ya sauko daga sama da awa 12 zuwa kimanin awa ɗaya da rabi. A watan Janairun 1914 ya ninka ladan ma'aikata zuwa dala 5 a yini, sauran masu masana'antu suka ce ya haukace, shi kuwa ya magance matsalar ma'aikatan da ke gudu kullum saboda wahalar layin. Duk inda manya suka ce masa kada ya yi, ya yi, kuma ya ci riba. Idan mutum ya shafe shekara goma a haka, da wane baki za ka ce masa ya saurari shawara?

Masana halayyar ɗan Adam sun gwada wannan abu a ƙaramin sikeli. A 1975 Ellen Langer da Jane Roth sun sa ɗalibai su yi ta cankar gefen da kwabo zai faɗi, sau 30. An shirya abin ta yadda kowa zai ci sau 15 ya faɗi sau 15, bambancin kawai shi ne wasu an tara musu cin a farko, wasu a ƙarshe, wasu a warwatse. Waɗanda suka fara da ci su ne suka fi ɗaukar kansu gwanayen canka, suka fi tuna cewa sun ci da yawa, suka fi sa ran za su ci a gaba. Kwabo ne fa, babu wata gwaninta a ciki. A wani gwajin na Langer a shekarar, an sayar wa ma'aikatan ofis tikitin caca a kan dala ɗaya, wasu aka bar su suka zaɓa da hannunsu, wasu aka miƙa musu. Da aka zo saye daga gare su, waɗanda aka miƙa wa sun nemi kusan dala 2, waɗanda suka zaɓa da kansu sun nemi sama da dala 8. Tikiti iri ɗaya, damar ci iri ɗaya, amma zaɓi da hannun kai ya ninka masa daraja sau huɗu a idon mai shi.

Ba ina cewa nasarar Ford cankar kwabo ba ce. Mutumin gwani ne na gaske, kuma ya hango abin da wasu ba su hango ba. Sai dai a cikin nasarar akwai rabon da ba nasa ba, kuma wannan rabon shi ne ya fara ɓace masa daga lissafi. 'Yan'uwa biyu, John da Horace Dodge, su suka ƙera injuna da giya na motocin farko a shagonsu. James Couzens shi ya riƙe littafin kuɗi, ya kafa dillalai a faɗin Amurka, ya hana kamfanin nutsewa a shekarun da ko albashi da ƙyar ake biya. Harold Wills da Joseph Galamb, wani ɗan ƙasar Hungary, suna cikin waɗanda suka zana Model T. Dabarar layi mai tafiya kuwa ma'aikata da yawa ne suka yi ta gwaji har ta zauna, kuma an ɗauko wani ɓangarenta daga mahautan Chicago, inda ake rataye nama yana wucewa gaban masu fiɗa. Ga kuma zamani da ya dace: miliyoyin mutane da ba su taɓa mallakar mota ba, da hanyoyi marasa kwalta da ke buƙatar irin wannan mota daidai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma idan jinkar ta hau, wanda sunansa ke jikin ƙofa yakan manta hannuwa nawa suka ɗaga.

Couzens ya bar kamfanin a 1915, bayan saɓani a kan yadda Ford ke cusa ra'ayinsa game da Yaƙin Duniya na Ɗaya a mujallar kamfani. Daga baya ya zama magajin garin Detroit, ya kuma zama sanata. Shi ne kusan mutum na ƙarshe a kamfanin da ke iya duban Ford ido da ido ya ce masa a'a.

Abin da ya biyo baya shi ne zuciyar wannan nazari. A 1916 Ford ya sanar cewa ya daina raba wa masu hannun jari ribar musamman da aka saba rabawa, zai zuba kuɗin a gina wata ƙatuwar masana'anta a bakin kogin Rouge, ya kuma ƙara karya farashin mota. 'Yan'uwan Dodge, waɗanda a lokacin sun kafa nasu kamfanin motar amma suna riƙe da kashi 10 cikin 100 na Ford, suka garzaya kotu. A watan Fabrairun 1919 Kotun Ƙolin Michigan ta umarce shi ya raba kimanin dala miliyan 19. Kotun ba ta hana shi gina Rouge ba, kuma mafi yawan kuɗin da za a raba aljihunsa za su koma, tunda shi ke da rinjayen jari. In da lissafin kuɗi ake bi, babu wata asarar kirki da ya yi. Abin da ya ci masa rai shi ne an samu wasu mutane, ko da 'yan tsiraru ne, da ke da ikon tilasta masa yin abin da bai zaɓa ba.

Tun kafin a yanke hukuncin, Ford ya sauka daga kujerar shugabanci, ya ɗora ɗansa tilo Edsel, mai shekara 25. A watan Maris ya sanar wa 'yan jarida cewa zai kafa sabon kamfani na iyalinsa zalla, wanda zai fito da motar da ta fi Model T kyau da arha. Hankalin masu hannun jari ya tashi, domin me kamfanin Ford zai zama in babu Ford? A ƙarƙashin ƙasa kuma wakilansa na bi suna tayin saye. Zuwa watan Yuli ya saye hannun jarin kowa a kan kusan dala miliyan 106. 'Yan'uwan Dodge sun karɓi miliyan 25, Couzens ya karɓi kusan miliyan 30. Maganar sabon kamfani kuma ta bi ruwa. Mutumin da ya tsani bankuna kamar mutuwarsa sai ga shi ya ci bashin dala miliyan 60 don ya kammala cinikin. Tun da yana da kashi 58 da rabi cikin 100 babu ƙuri'ar da za ta kayar da shi. Bai ƙara ko ƙusa ɗaya a masana'anta da waɗannan miliyoyi ba. Abin da ya saya da su shi ne kada wani mahaluƙi ya sake tambayarsa dalili. A nan nake tuna mai tikitin dala ɗaya da ke neman dala takwas.

Da ƙaddara ta so ta ba shi darasi a lokacin, da wataƙila labarin ya sauya. Sai ta ƙara masa wata nasarar. A ƙarshen 1920 tattalin arzikin Amurka ya shiga matsi, ciniki ya tsaya, ga bashi na jiran biya, manyan bankunan New York sun zuba ido su ga ya zo da ƙoƙon bara. Bai je ba. Ya harhaɗa kayan da ke jibge a ma'ajiya ya mayar da su motoci, ya tura wa dillalansa ba tare da sun nema ba, ya ce a biya kuɗi hannu ko a rasa dillanci. Dillalan suka ruga bankunan garuruwansu suka ciwo bashi suka biya shi. Ya sallami ɗimbin ma'aikatan ofis, ya biya bashinsa, kasuwa ta farfaɗo. A 1921 sama da rabin motocin da aka sayar a Amurka na Ford ne. A idonsa an sake tabbatar da karin maganar nan, zuwa da kai ya fi aike. Wahalar da dillalai suka sha ba ta shiga lissafin ba.

A 1922 ya sayi kamfanin motoci na Lincoln da ya durƙushe a kan dala miliyan 8, daga hannun Leland ɗin nan da aka maye gurbinsa da shi shekaru 20 baya. Cikin 'yan watanni aka fitar da Leland da ɗansa.

Yanzu ga inda abin ya fi ba ni mamaki. Mutumin da bai iya jure a zaɓa masa komai ba, shi ne ya ƙi yarda mai sayen mota ya zaɓi komai. Daga 1914 zuwa 1925 baƙin fenti kaɗai ake yi wa Model T, kuma shi da bakinsa ya ce mai saye na iya zaɓar duk launin da yake so muddin baƙi ne. Da farko akwai hikima a ciki, domin abu iri ɗaya ya fi saurin yi da arha, kuma da wannan ne farashi ya sauko har dala 260. Amma kasuwa ta riga ta juya. An fara shimfiɗa hanyoyi masu kyau. Wanda ya sayi Model T a 1915 yanzu mota ta biyu yake nema, yana son mai rufaffen bodi da ba ruwa ba ƙura, mai gudu, mai laushin tafiya. Wanda kuma arha kawai yake bi, ga tsofaffin motoci na hannu sun cika kasuwa, sun fi sabuwar Model T sauƙi.

Kamfanin General Motors ƙarƙashin Alfred Sloan ya karanci wannan. Ya jera motoci hawa-hawa daga Chevrolet zuwa Cadillac, kowa da daidai aljihunsa. Ya kawo fenti kala-kala mai saurin bushewa. Tun 1919 ya buɗe reshen ba da mota bashi a riƙa biya kaɗan-kaɗan. Ford ya ƙi jinin bashi, don haka a 1923 ya fito da nasa tsarin mai kama da asusu, mutum ya riƙa ajiye 'yan daloli duk mako sai kuɗin sun cika ya karɓi mota. Wa zai zauna yana tari alhali maƙwabcinsa ya hau Chevrolet tun jiya? Wanda ke jan ragamar Chevrolet ɗin ma tsohon yaron Ford ne, William Knudsen, wanda ya bar shi a 1921 bayan ya gaji da yadda ake warware umarninsa a bayan idonsa.

Na kusa da shi duk sun ga abin da ke tafe. Edsel ya gani, kuma mutum ne mai ido a kan kyan mota da abin da jama'a ke so. Amma shugabancinsa na suna ne, ya yanke hukunci da safe uban ya rushe da yamma, wani lokaci a gaban ma'aikata. A watan Janairun 1926 Ernest Kanzler, mataimakin shugaban kamfani, wanda matarsa da matar Edsel 'yan'uwa ne, ya yi ta maza ya rubuta wa Ford doguwar takarda. Cikin ladabi da yabo ya shaida masa cewa Model T ta tsufa, abokan hamayya na cin kasuwa, kuma manyan ma'aikata na jin tsoron faɗa masa gaskiya. Ford bai ba shi amsa ba. Ya riƙa wulaƙanta shi a wurin taro, kuma kafin shekarar ta ƙare, lokacin da Edsel ya yi tafiya Turai, Kanzler ya bar kamfanin. Wannan jimla ta Kanzler game da tsoro ita ta fi tsaya mini a rai. Duk wanda zai iya cewa a'a an kore shi ko ya tafi, saura 'yan amshin Shata. Ford ya tattara dukkan iko don kada a ɓata masa hukunci, sai ya wayi gari babu mai kawo masa labarin da zai gina hukuncin a kai.

Abin da Kanzler ya faɗa bai shekara biyu ba ya tabbata. Ranar 26 ga Mayun 1927 Edsel ya tuƙo Model T ta miliyan 15 daga layi, mahaifinsa na zaune a gefensa, aka rufe babinta. Matsalar ita ce babu wadda za ta gaje ta a shirye, tunda an shekara 15 babu mai ƙarfin halin sake yin abin da aka yi a 1912. Masana'antu suka tsaya kusan wata shida, dubun-dubatar ma'aikata suka zauna a gida babu albashi, dillalai da yawa suka karye ko suka koma wa Chevrolet, wadda ta sha gaban Ford a ciniki a shekarar. Injunan da aka ƙera don Model T kaɗai sai da aka tumɓuke su ko aka sake musu fasali.

Adalci ne a faɗi cewa da ya sa kansa, aiki ya yi kyau. Model A ta fito a watan Disambar 1927, jama'a suka yi cincirindo don ganinta, ta karɓu, har Ford ya sake hawa kan gaba na ɗan lokaci. A 1932 ya fito da injin V8, wato mai silinda takwas, mai arha wanda ya ba masana mamaki. Gwanintar tana nan ba ta gushe ba. Amma kowace irin wannan nasara ƙara ɗaure shi take yi a kan tsohuwar hanya. Birki mai aiki da mai, wanda kamfanin Chrysler ke sa wa motocinsa tun 1924, sai a 1939 Ford ya yarda aka sa. Cikin shekarun 1930 kamfanin da ya taɓa riƙe rabin kasuwa ya koma na uku, bayan General Motors da Chrysler. A cikin gida kuma ya jingina da Harry Bennett, tsohon sojan ruwa kuma ɗan dambe, wanda ya tara 'yan daba da 'yan leƙen asiri a masana'antar Rouge. Su ne suka lakaɗa wa jagororin ƙungiyar ƙwadago duka a kan wata gada a 1937, a gaban masu ɗaukar hoto. Sai a 1941 Ford ya yarda aka sa hannu a yarjejeniya da ƙungiyar, bayan matarsa Clara ta ce in bai sa ba za ta bar masa gida.

Wanda ya fi kowa biyan kuɗin wannan hali shi ne Edsel. Shekara 24 yana riƙe da sunan shugaba, bai taɓa riƙe wuƙar ba. Uban na ganin yaron ya cika sanyi, don haka yake gasa shi wai ya yi tauri, yana fifita maganar Bennett a kan tasa. Edsel ya rasu a watan Mayun 1943 da ciwon dajin ciki, yana da shekara 49. Ina ganin babu wata asarar kasuwa da ta kai wannan nauyi, a ce uba ya haifi ɗa mai basira da biyayya, ya kasa sakar masa mara ko sau ɗaya har ƙasa ta rufe masa ido.

Tsohon, yana dab da shekara 80, ga shanyewar jiki ta taɓa shi fiye da sau ɗaya, sai ya koma kujerar shugabanci. Ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, kamfanin na ƙera wa gwamnati jiragen yaƙi, hankalin hukuma ya tashi har aka sallamo jikansa Henry Ford na Biyu daga rundunar sojan ruwa ya dawo gida. Duk da haka kakan bai saki ba. Sai da Clara ta matsa masa, ita kuma Eleanor, matar marigayi Edsel, ta ce in ba a miƙa wa ɗanta ragama ba za ta sayar da hannun jarinta ga mutanen waje. Wannan ita ce barazanar da ta taɓa shi, domin tana nufin dawowar masu tambayar dalili da ya kashe dala miliyan 106 ya kora. A watan Satumbar 1945 ya sauka. Jikan mai shekara 28 ya hau kujera, kuma aikin da ya fara yi shi ne sallamar Harry Bennett.